Anchau: Daga Ƙudan Tsando Zuwa Sakatariya

Duk wanda neman takardar shaidar ƙaramar hukuma ya taɓa kai shi karkarar Zazzau ya san wani abu da ba a koyarwa a aji: sau da yawa sunan ƙaramar hukuma daban, garin da ofishinta yake daban. Ƙaramar Hukumar Soba a Maigana take zaune. Ta Kudan tana Hunƙuyi, ta Igabi tana Turunku, ta Lere tana Saminaka, ta Kubau kuma tana Anchau. Wani gari ya tafi da suna, wani ya tafi da kujera. A irin wannan rabo ba wanda ya tashi hannu Rabbana, amma kowa ya san wanda ya fi morewa, domin suna ba ya kawo ma'aikata, ba ya kawo asibiti, ba ya sa a ja wayar lantarki. Kujera ce ke yin wannan.

Kowanne cikin garuruwan nan da labarinsa. Turunku tana tunƙaho da Bakwa Turunku da zamanin da sarautar Zazzau take can. Saminaka hanya da masara ne suka ɗaga ta. Labarin Anchau kuwa ya fita daban, saboda sau biyu hukuma tana cewa nan ne cibiya, kuma kusan shekara 60 ne tsakanin na farko da na biyu. A 1937 likitoci da masana ƙwari ne suka zaɓe ta. A 1996 gwamnatin soja ce.

Mu da muke zaune a Tudun Wadan Zariya bai kamata labarin ya zame mana baƙo ba, don unguwarmu ma alƙalami ne ya haife ta. Da Turawa suka kama ƙasar, suka tuɓe Sarki Kwasau a 1903, sannu a hankali suka raba zaman Zariya: Birni na Zazzagawa, Sabon Gari kusa da tashar jirgi na ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar kudu, Tudun Wada kuma a bayan Ƙofar Doka, ta baƙin da suka zo daga sauran ƙasashen Arewa. Shi ya sa layukanmu suke miƙe sambal, ba irin lungunan Birni masu murɗiya ba. Wanda ya taso a wurin da aka yanka da igiyar awo ya san mai awo fili kawai yake bayarwa. Zama gari sai mutane sun yarda.

A karkara ma alƙalamin ya yi aiki. Kafin zuwan Turawa manyan masu sarauta a Birni suke zaune kusa da fada, garuruwan da ke hannunsu a warwatse, jakadu ne ke kai-da-kawo su karɓo haraji. Turawa suka harhaɗa garuruwa suka yi gundumomi, suka ce kowane hakimi ya tattara ya koma ƙasarsa da zama. Daga nan aka samu sabon irin gari, garin hakimi. Ko da jiya ƙauye ne, yau yana da gidan hakimi mai soro, da malamin haraji da littafinsa, da alƙali, da dogarai, da barikin da Bature ke sauka in ya zo rangadi. Daga baya a ƙara makarantar elemantare da ɗakin shan magani. Dagatai su zo faɗuwa gaisuwa, talakawa su zo shari'a, mai koko da mai tuwo su samu ciniki. Wannan shi ne kakan abin da muke kira hedikwatar ƙaramar hukuma.

Anchau tsohon gari ne mai ganuwa a gabashin Zazzau, can wajen iyakar ƙasar Kano, a ƙasa mai rafuka da fadamu da kurmi. Albarkar wurin ita ce ta zame masa masifa. Da yaƙe-yaƙe da harin bayi suka kwanta, mutane suka fito daga cikin ganuwa suka bazu a daji, kowa ya sari gona ya kafa 'yar tungarsa a bakin rafi. Hanyoyi suka buɗe. Ƙaramin jirgin ƙasan da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai ya isa ƙasar kuza ta Jos a 1914, leburori na tafiya suna dawowa, mai ciwo a jiki yana tafe da abinsa. A bakin rafukan kuwa ƙudan tsando na laɓe a inuwa. Ya ciji mai cuta ya ɗauka, ya ciji mai lafiya ya zuba masa. Da aka yi binciken ciwon barci a farkon shekarun 1930, a yankin Anchau an tarar wajen mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da shi, a wasu ƙauyukan ma abin ya wuce haka.

Yadda ake binciken ma abin ji ne. Saƙo ya zo daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa masu unguwanni: rana kaza kowa ya fito, babba da yaro, mace da namiji. A jera mutane a inuwa, malamin asibiti ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana laluba wuyansu da yatsu, yana neman kaluluwa. Wanda aka ji wa kumburi a ware shi gefe, a soka allura a tsotso ɗan ruwan kaluluwar, a ɗiga a gilashi a duba a madubin likita. In an ga ƙwayar cutar tana motsi, an shiga layin allura ke nan, mako bayan mako, da magunguna masu ƙarfi waɗanda wani lokaci sukan taɓa ido. Dubban mutane sun warke ta haka. Amma wanda ya warke, rafin nan dai zai koma ya ɗebo ruwa, ya yi wanka, ya shayar da jakinsa, ƙuda kuma yana nan inda aka bar shi.

Shugaban sashen yaƙi da ciwon barci na lokacin, Dakta H. M. O. Lester, da wani masanin ƙwari, Dakta T. A. M. Nash, suka zo da wata dabara. Irin tsandon da ke yaɗa ciwon a wannan yanki ba ya rayuwa sai a inuwa mai laima ta bakin ruwa. In aka sare sarƙaƙiyar da ta rufe rafi, zafin rani da iskar hunturu su gama da shi. Matsalar ita ce daji ba ya saruwa sau ɗaya. Kowace damina sai ya tofo, kowace shekara sai an koma da adda da gatari. Tungar da ba ta wuce gida biyar ba, ina ta ga hannun share dogon rafi? Lissafinsu ya nuna sai an samu kamar mutum 70 a kowace murabba'in mil kafin jama'a su iya riƙe rafukansu da kansu. Ke nan in ana son korar ƙuda, sai an tattara mutane wuri guda.

A 1937, shekarar da Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku ya hau gadon Zazzau, aka fara aikin da fam 95,000 da asusun raya ƙasashen mulkin mallaka na Ingila ya ware na shekara biyar. Aka shata wani zirin ƙasa mai tsawon kusan mil 70 da faɗin kusan mil 10, Anchau ce cibiyarsa. Aka share bakin rafuka na tsawon fiye da mil 500. Aka tashi mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka 43 aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka 16. Yaƙin Duniya na Biyu ya faɗo a tsakiyar aikin, amma ba a tsaya ba, har aka buga rahoton Nash a 1948, wanda ya kai sunan Anchau cikin littattafan masu nazarin raya karkara a ƙasashen da mutanen garin ba su taɓa jin labarinsu ba.

Ita kanta Anchau ba a bar ta yadda take ba. Cikin ganuwa an cunkushe, gida na jingine da gida, lungu da ƙyar jaki mai kaya ke wucewa, kududdufi da rijiya da salga duk a maƙwabtaka. Sai aka yanki fili a ɗan nesa da tsohon gari aka zana sabo, aka sa masa suna Takalafiya, aka kwashi wani kaso na jama'a aka mayar can, tsohon garin ma ya samu ya numfasa. A sabon garin tituna masu faɗi ne a miƙe, an bar tazara tsakanin rukunin gidaje don kada gobara ta cinye gari in ta tashi, an dasa itatuwa a gefen hanya, an yi kasuwa da mahauta da makaranta da ɗakin shan magani. Abin da ya fi shiga ran mutane shi ne rijiya. An haƙa ta da zurfi, an ɗaure cikinta da siminti, an ɗaga bakinta, an yi mata daɓe yadda ruwan da ya zube ba zai koma ciki ba. Mai kurkunu a ƙafa ba shi da hanyar tsoma ta a ruwan da jama'a za su sha. Wannan 'yar katangar bakin rijiya ta ceci manoma da yawa daga kwanciya a tsakiyar damina, lokacin da kurkunu ya saba kayar da mutum gonarsa ta cika da ciyawa yana ji yana gani.

Kada mu ɗauka an yi duk wannan cikin raha. Tashin mutum daga gidan da aka binne cibiyarsa, daga gonar da ya sha wuyar tumɓuke kututturanta, ba ƙaramin abu ba ne, ko da an ce masa don lafiyarsa ne. Dokar ciwon barci ta 1937 ta ba hukuma ikon tilasta wa mutane fitowa bincike da aikin sharar rafi. Umarni ta bakin Sarki yake saukowa, ya bi ta hakimi da dagaci, dogari na biye. Wanda aka ce wa ya tashi, abin da zai ce bai wuce "To, ranka ya daɗe" ba, sauran maganar sai a zaure bayan isha'i. Akwai kuma kurmin da mutane suka yi imani mazaunin iskoki ne, ba mai kusantarsa da gatari. Sare irin waɗannan wurare ya fi kowane aiki wuya, kuma ba don kaurin itatuwan ba.

Bayan kusan shekara 20 da fara aikin, wani Ba'amurke masanin zaman al'umma, Horace Miner na Jami'ar Mishigan, ya zo ya zauna a yankin, ya buga abin da ya gano a 1960. Ya tarar ana nan ana sharar rafi kowace shekara, ciwon barci kuma ya ja baya ƙwarai. Amma da ya bi mutane yana tambayar dalilin sharar, sai ya ga akasarinsu ba su danganta ta da ƙudan tsando ko ciwon barci ba. Suna yi ne don hukuma ta ce a yi. Bayanin da ma'aikata suka yi ta maimaitawa tun farko bai zauna ba, alamu kuma sun nuna ranar da aka daina tilastawa, ranar za a rataye adda.

Mai karatu cikin gaggawa zai ce jahilcin mutanen karkara ne. Ni ban ga haka ba. Mutanen da bayanin ƙuda bai shige su ba su ne suka karɓi rijiya hannu bibbiyu, su ne suka rungumi injin matse rake da garmar shanu da dashen mangwaro ba tare da dogari ya tsaya a kansu ba. Manomi da idonsa yake auna abu. Rijiya ka sha bana ka ga bambanci bana. Ƙuda kuwa ya cije ka yau, ciwo ya bayyana bayan watanni, wani ma ya sha cizo har ya gaji bai kwanta ba. Ban da haka, a sama aka yanke shawara, abin da ya sauko ƙasa bayani ne da umarni. An yi musu aiki mai kyau, amma irin yadda ake yi wa yaro aski aka yi shi: a riƙe kai, a ce kada ka motsa. Yaron zai tashi da kyakkyawan aski, sai dai bai koyi riƙe aska ba.

Abin da ya ƙarasa korar tsando daga yawancin ƙasar Zazzau ma bai jira umarnin kowa ba. Jama'a ta yawaita, gona ta ci daji, masu itace da gawayi suka bi bakin rafuka, masu noman rani suka share fadamu suka dasa rake da tumatir da albasa, farin shekarun 1970 ya busar da abin da ya rage. Yawan mutanen da Nash yake lissafawa da fensir ya zo da kansa har ya wuce. Yau yaro zai iya gama sakandare a Anchau bai taɓa ganin mai ciwon barci ba, kurkunu ma tun 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Amma rafukan da aka tilasta wa kakanni su yi wa tsirara, yanzu jikoki ake roƙo su dasa musu itatuwa saboda zaizayar ƙasa. Hukumar da ta ce a sare ita ke cewa a dasa, kuma duka biyun daga sama maganar ta fito.

A tsakanin nan an sake lalen mulkin karkara. Nan kusa da mu a unguwar Kongo aka buɗe makarantar horar da akawuna a 1947, ta zama cibiyar koyon aikin mulki a 1954, ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗimbin ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, da suka riƙe ofisoshin garuruwan hakimai a nan aka goge su. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. A 1976 gwamnatin soja ta naɗe tabarmar En'e ta kafa ƙananan hukumomi 301 a faɗin ƙasa, Anchau ta faɗa ƙarƙashin Ikara. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, talaka ya huta da wulaƙancin da duk dattijon da ya ga zamanin zai ba ka labarinsa. Sai dai daga wannan zamani akasarin kuɗin tafiyar da ƙaramar hukuma ya koma zuwa daga sama, daga rabon arzikin man fetur.

Da kuɗi ya koma bin wannan hanya, samun ƙaramar hukuma ya zama abin nema ido rufe, samun hedikwata kuma ya fi. Adadin ya tashi zuwa 589 a 1991, ya kai 774 a 1996, zamanin Janar Sani Abacha. A wannan rabon na ƙarshe Jihar Kaduna ta samu biyar, wato Kubau da Kudan da Kajuru da Kagarko da Sanga, suka cika 23. Wanda yake ganin zancen inda za a ajiye kujera wasa ne, ya tuna a 1997 an zubar da jini a Warri saboda an ɗauke hedikwata daga Ogbe-Ijoh an kai Ogidigben, an kuma yi irinsa tsakanin Ife da Modakeke a shekarar. A namu ɓangaren aka yanke Kubau daga Ikara, garuruwa irin su Pambeguwa da Dutsen Wai da Damau da Kargi da Zuntu suka zama mazaɓu, Anchau da ta gaji tituna da kasuwa ta sake zama cibiya.

Kujera ta kawo abin da takan kawo ko'ina: sakatariya mai katanga da tuta, ofishin 'yan sanda, ofishin ilimi mai kula da firamare, ofishin hukumar zaɓe. Ta kawo albashi, albashi ya kawo masu haya da masu shago da 'yan acaɓa da mai shayi da mai buga takardu a kwamfuta. Gonar bakin gari ta koma fuloti mai tsada. Ɗan ƙauyen da a da sai ya kwana a hanya kafin a sa masa hannu a takarda, yanzu kafin azahar ya gama ya koma gona. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Kubau mutum sama da 280,000, kuma a kan takarda Anchau ce ƙofar da dukansu ke bi su shiga gwamnati. Wanda ya raina wannan bai taɓa bin takarda a zamanin da komai sai an zo Zariya ba.

Amma wanda ya saba shiga sakatariyoyin karkara a Arewa ya san ɗaya fuskar. Ka isa da hantsi ranar Laraba, ka tarar da maigadi da masinja a kan benci a gindin darbejiya. Ka yi sallama ka ce, "Baba, ko Ciyaman ya shigo?" Ya ce, "Ai yana babban birni, ɗana, sai dai ka leƙo wani makon." Ofisoshi a buɗe, kujeru ba kowa, fayil-fayil sun sha ƙura a kan kabad. Manyan ma'aikata da yawa a birni iyalansu suke, wasu ma maƙwabtanmu ne a nan Tudun Wada, sukan leƙa in wata ya kusa mutuwa. Turawa sun fitar da hakimai daga Birni sun ce su je su zauna cikin talakawansu. Bayan shekara ɗari mota da kwalta sun mayar da masu mulkin karkara birni ba tare da kowa ya ba da umarni ba. Mutanen gari kuwa ba sa ganin abin nasu ne balle su yi fushi. Ginin gwamnati ne, kuɗin gwamnati ne. In an haƙa rijiyar burtsatse an gode, in ta lalace a jira wani zaɓen. Halin da Miner ya gani a bakin rafi ke nan, sai dai yanzu babu dogari.

In kana son ganin Anchau da ranta, ka je kasuwa. Ranar Talata tun da asuba hanyoyin shiga gari suke cika: a-kori-kura maƙare da buhunan masara da dawa da waken soya, babura ɗauke da awaki, Fulani da shanu, manyan motoci daga Kano da kudu suna jiran lodi. Dillali ya zura hannu a buhu ya ɗebo ƙwaya, ya ciza, ya taya; 'yan dako na kai-da-kawo, masu mazarƙwaila sun jera kayansu. Ba wanda aka aika wa takardar gayyata. 'Yan hatsi da 'yan kara da direbobi kowa da shugabanninsa da ƙa'idojinsa, suna sasanta rigima kafin ta kai ga 'yan sanda, don sun san in kasuwa ta mutu su ne a ciki. Mutanen da ake cewa ba su iya riƙe abin jama'a ba, ga shi suna riƙe da wanda ya fi sakatariya girma da wuyar sha'ani, kowane mako ba fashi. Mu ma a birni daga nan muke ci. Masarar da ake niƙa a injinan Tudun Wada da ragon layyarmu da yawansu daga irin waɗannan kasuwanni suke, madatsar ruwan Galma da ke Kuzuntu, wadda aka gina don ta riƙe wa Zariya ruwa, a ƙasar Kubau take.

Alƙalami bai gama da garuruwan karkara ba. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, garuruwa da yawa suka kwana da hakimi suka tashi babu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ke riƙewa ba, a kuma daina naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukunci ne mai kyau. Amma shi ma daga sama ya sauko, tarihin Anchau kuwa ya nuna iyakar irin wannan alheri: yana tsayawa ne muddin mai tsaronsa na tsaye, sai fa in mutanen wurin sun mayar da shi nasu.

In kuɗin ya iso, ba Abuja ce za ta tsare shi ba. Masu iya tsare shi suna nan cikin gari: shugaban 'yan hatsi da ya san lissafin kowane buhu da ya shiga kasuwa, kwamitin masallacin da ke tara kuɗin rufi ya karanta lissafi bayan Juma'a, uwar adashin da ta shekara da shekaru ba a taɓa cewa ta ci kwabon kowa ba, malaman firamaren da suka san ajin da iska ta yaye wa kwano. Abin da ya rage shi ne su ɗauki sakatariya yadda suka ɗauki kasuwa. Su nemi a manna musu a bango nawa ya shigo wannan watan da inda ya tafi, su titsiye kansila a gaban jama'a yadda suke titsiye ma'ajin ƙungiya. Ciyaman ɗin da ya san za a tare shi da wannan tambaya ranar Talata a bakin kasuwa zai rage kwana a Kaduna.